Kayan gwajin wayoyi biyu masu jan juna: jikin yana da kyau, amma sai an yi masa gyara kafin ya yi aiki a aji

Duk malamin Fiziks da ya koyar da darasin maganaɗisu a babbar sakandare ya san wurin da ɗalibai ke cijewa. Tun farko an gaya musu caji iri ɗaya korar juna yake yi, haka ma bakin maganaɗisu iri ɗaya. Sai kuma a zo a ce musu wayoyi biyu da aka jera kusa da juna, idan wuta na gudu a cikinsu ta fuska ɗaya jan juna suke yi, idan ta saɓa su ture juna. Yaro mai kaifin kai zai ga kamar an juya masa magana ne. A irin wannan wuri gani ya kori ji, shi ya sa masu makarantu ke sayen kayan gwajin da aka ƙera don wannan darasi kaɗai. Wanda ake magana a kansa a nan shi ne irin da aka fi gani a shagunan kayan ɗakin gwaje-gwaje a cikin garin Jos, wanda ke zuwa a dogon kwali daga waje, babu sunan kamfani a jikinsa.

Hukuncinmu a kansa shi ne: a saya, amma da sharaɗi. Idan aka fito da shi daga kwali aka jona yadda takardar cikinsa ta ce, yawanci ba abin da zai motsa, ko kuma ya motsa ta fuskar da za ta ƙaryata malam a gaban ɗalibansa. Laifin ba na malam ba ne, ba kuma na dokar Fiziks ba. Waɗanda suka haɗa kayan ne ba su faɗi yawan wutar da yake bukata ba.

Abin da ke cikin kwalin: gindin katako mai nauyi, ginshiƙi mai tsawon kamar santimita 60, hannu ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, kowanne da sukurori biyu na tagulla da ake ɗaure waya a jiki. Sai zirin alminiyum guda biyu, kowanne rabin mita a tsawo, santimita ɗaya a faɗi, da wasu biyu na ajiya. Akwai makunni na dannawa, wayoyi huɗu masu maƙalar bakin kada, da ƙaramin kamfas. Gindin ba ya rawa, sukurorin suna ɗauruwa da hannu ba sai da filaya ba, kuma tsayinsa ya isa na bencin baya ya hango. Wannan duk abin yabo ne, kuma shi ne dalilin da ya sa ba mu ce a guje shi ba.

Ba a nan gizo ke saƙar ba. Tazarar da ke tsakanin sukurorin biyu santimita 3 ce, a kafe, ba ta matsuwa. Takardar kuma cewa kawai ta yi a jona da na'urar ba da ƙaramar wuta ta ɗakin gwaji. Irin waɗannan na'urori da ke makarantunmu galibi amfiya (ma'aunin yawan wutar da ke gudu a waya) 2 zuwa 5 suke iya bayarwa kafin su yanke ko fis ɗinsu ya ƙone. To a yi lissafi. Ƙarfin da kowace waya ke ji, a ma'aunin niyutan, ana samunsa ne idan aka ɗauki 0.0000002, a ninka da amfiyar waya ta farko, a ninka da amfiyar ta biyu, a ninka da tsawon wayar a mita, sannan a raba da tazarar da ke tsakaninsu, ita ma a mita. Da amfiya 3 a kowane ziri, tsawo rabin mita, tazara santimita 3, abin da zai fito shi ne niyutan 0.00003. Wato nauyin miligiram 3 ke nan, nauyin 'yan ƙwayoyin acca da ba su kai goma ba. Numfashin ɗalibin da ya leƙo kusa ya fi wannan ƙarfi nesa ba kusa ba.

Yanzu a ɗaga wutar zuwa amfiya 10, a matso da tazarar zuwa santimita ɗaya. Ƙarfin ya zama niyutan 0.001, nauyin ƙwayar shinkafa huɗu ko biyar. Har yanzu ƙarami ne, amma ya ninka na farko sau 33, kuma zirin da kansa nauyinsa bai wuce giram 0.2 da ɗan kai ba, don haka zai tafi sosai. Abin lura shi ne amfiya sau biyu take shiga lissafin. In ka ninka wuta sau biyu, ƙarfi ya ninku sau huɗu. In ka rage ta rabi, kashi ɗaya cikin huɗu ya rage maka. Wannan shi ne abin da ya kamata a rubuta da manyan baƙaƙe a jikin kwalin, ba a rubuta ba. A kuma tuna cewa lissafin na siraran wayoyi zagayayyu ne. Ziri mai faɗin santimita ɗaya a tazarar santimita ɗaya yakan ba da ƙasa da haka da kamar kashi ɗaya cikin goma, don kada malam ya ɗauka mitarsa ce ta lalace.

Kuskure na biyu yana cikin zanen da aka buga a takardar. Don a nuna turewa, an jona zirin biyu a layi ɗaya: wuta ta sauko ta na farko, ta tsallaka a ƙasa, ta hau ta na biyu. Wannan daidai ne, kowane ziri yana ɗauke da wutar gaba ɗaya. Amma don a nuna jan juna sai aka haɗe kawunansu na sama wuri ɗaya, na ƙasa ma wuri ɗaya, wuta ta rabu gida biyu. Idan batir na ba da amfiya 10, kowane ziri 5 ya samu, ƙarfi ya faɗo zuwa kashi ɗaya cikin huɗu. Sai ɗalibi ya fita daga aji da tunanin cewa turewa ta fi ja ƙarfi, alhali daidai suke. Gyaran ba wuya. A bar su a layi ɗaya: wuta ta sauko ta ziri na farko, daga gindinsa a ɗauki doguwar waya a zagaya da ita nesa, a kai ta kan ziri na biyu daga sama, ta sake saukowa. Wannan wayar ta komawa ita ma tana da nata maganaɗisun, shi ya sa ake nisanta ta. Idan ta yi santimita 30 daga zirin, tasirinta kashi ɗaya cikin talatin ne na abin da ake son gani. Wayoyin da ke cikin kwalin gajeru ne, ba za su yi wannan zagayen ba.

Dama wayoyin ba abin riƙewa ba ne. Robar jikinsu tana da kauri, amma in aka fere za a tarar da 'yan silallan gashi a ciki, an matse su a wutsiyar maƙalar ba tare da dalma ba. A amfiya 10 nan ne wurin da ke fara zafi. A kara musu maganaɗisu: in ya kama silin, ƙarfe ne aka yi wa fenti da jan ƙarfe, a ajiye su don wani aikin. A sayi mita uku na wayar jan ƙarfe mai lamba 2.5, irin wadda ake jan soket da ita a gida, a ɗaure ta kai tsaye a sukurorin. Makunnin ma na ƙaramar wuta ne, bakinsa yana baƙi bayan 'yan dannawa. Makunnin hon na mota ko na tayar da inji ya fi dacewa, don an yi shi ne ya ɗauki wuta mai yawa na ɗan lokaci, kuma da an ɗaga yatsa ya yanke.

Sai maganar inda za a samo amfiya 10. Batirin tocila ba zai yi ba, ko an jera guda huɗu. Yana ba da wuta na ƙiftawar ido sannan ya zube. Batirin babur ko na Keke Napep mai bolt 12 ya isa. Amma kada a kuskura a jona shi kai tsaye. Turjiyar kowane ziri, wato yadda yake tare wa wuta hanya, wadda ake aunawa da om, ba ta kai om 0.1 ba, biyun tare da wayoyi wajen om 0.2 ke nan, kuma bolt 12 a kan wannan zai turo amfiya hamsin ko fiye. Zirin zai yi ja ya tsinke kafin a saki makunni, wani lokaci har da tartsatsi a fuskar wanda ke kusa. Dole a sa abin da zai riƙe wutar. Mafi sauƙin samu a Jos shi ne ƙwan fitilar gaba na mota mai wat 55, wanda masu kayan gyaran mota a Dilimi ko Farin Gada ba sa rasawa. Ƙwai ɗaya yana jan amfiya huɗu da rabi. A jona biyu kafaɗa da kafaɗa, su ba da wajen amfiya 9, sannan a sa su a layi ɗaya da zirin. A sa fis na mota mai amfiya 15 dab da kan batir mai alamar tarawa. Ƙwan yana da wani amfani kuma: haskensa na gaya wa ajin gaba ɗaya cewa wuta na gudu, ba sai an leƙa mita ba.

Abu ɗaya game da ƙwan. Lokacin da silinsa yake da sanyi turjiyarsa ƙarama ce ƙwarai, don haka da an danna makunni wuta mai yawa ke fara wucewa na ɗan abin da bai kai daƙiƙa ba. Za a ga zirin ya yi zillo da ƙarfi sannan ya dawo ya tsaya. A ce wa ɗalibai inda ya tsaya za su duba, ba zillon ba. Wanda ke son wuta mai natsuwa tun daga farko ya nemi razista, wato abin rage gudun wuta, mai om 1, wat 100, a wajen masu kayan gyaran rediyo da inbata. Kuma kada a taɓa gilashin ƙwan, yana ƙona hannu. A ɗaure shi a kan guntun katako nesa da zirin, don iskar zafin da ke tashi daga jikinsa ma tana kaɗa su.

Idan batirin sola na makaranta za a ɗauko, irin manyan nan, sa fis ɗin ya ƙara zama wajibi, don irinsu na iya turo ɗaruruwan amfiya cikin sifana ɗaya da ta faɗi a kan kawunansu. A ajiye batir a ƙasa, nesa da makunni, saboda iskar da batir mai ruwa ke fitarwa tana kama wuta. Batirin ba ya shan wahala a wannan aiki: amfiya 10 na daƙiƙa uku, ko an maimaita sau ɗari, bai cinye abin da amfiya ɗaya ke ci a awa guda ba. Wutar soket kuwa, mai bolt 230, ba ta da hurumi a nan ko kaɗan. Zirin tsirara yake, hannun yara na kusa.

Kada a riƙe makunni fiye da daƙiƙa uku da aka ambata, kuma wannan ba ƙa'idar banza ba ce. A amfiya 10 kowane ziri yana fitar da zafin wajen wat 8, kuma da yake ba shi da jiki, cikin 'yan daƙiƙu zafinsa ya doshi na tafasasshen ruwa. Alminiyum yana miƙewa da zafi. Rabin mita da ya ƙaru da digiri 80 zai ƙara tsawon kusan milimita ɗaya. Milimita ɗaya kamar ba komai ba, amma idan an ɗaure zirin tamau sama da ƙasa yadda kayan ya zo, ba shi da inda zai kai wannan ƙarin sai ya lanƙwashe, kuma lanƙwasar na iya wuce santimita ɗaya, ta kowace fuska ta ga dama. Nan ne malamai da dama ke ruɗewa: an jona don ja, sai a ga ziri ɗaya ya yi ciki waje. Ga yadda ake bambancewa. Motsin maganaɗisu nan take yake zuwa da an danna, nan take yake tafiya da an saki. Motsin zafi a hankali yake kumbura, a hankali yake sacewa.

Maganinsa shi ne kada a ɗaure gindin zirin tamau. A yanka sabo daga takardar alminiyum ta naɗe abinci, ya fi na kwalin tsawo da kamar santimita 8. A daidai inda rabin mita ya ƙare a manna maɓallin riga na roba ɗaya ko biyu da ɗan salatif, don ya rataye shi a miƙe. Ragowar a bar ta ta yi laushi kamar igiyar shanya da ta saki, sannan a kai bakinta ga sukurin ƙasa. Yanzu in zafi ya miƙar da zirin, maɓallin ne zai ɗan sauka kawai. Kada a yi amfani da ƙusa ko maƙalar takarda ta ƙarfe a madadin maɓalli, ƙarfe yana shiga cikin lissafin. Don matso da tazarar kuwa, ba sai an huda hannun sama ba. A samo robar goge fensir mai kaurin santimita ɗaya, a sa ta tsakanin zirin biyu dab da ƙarƙashin sukurori, a ɗaure su a jikinta da kyauro, fuskokinsu masu faɗi na kallon juna. Da wannan gyara, a jonin turewa tazarar ƙasa takan buɗe ninki biyu ko uku. A jonin ja kuma za su rungumi juna. Wani lokaci in sun haɗu sai wuta ta sami gajeriyar hanya ta tsallaka, ƙarfin ya ɓace, su rabu, su sake haɗuwa, a ji suna ƙar-ƙar-ƙar. Ba lalacewa ba ce, ƙwan na riƙe da wutar.

Akwai wani abu da takardar ba ta ambata ba sam, kuma ya shafe mu a nan fiye da mutanen ƙasashen da ake rubuta littattafan. Ita kanta duniya maganaɗisu ce. A yankin Jos ƙarfinta yana tsakanin mikrotesla (ma'aunin ƙarfin maganaɗisu) 30 da 35, kuma da yake muna dab da layin da ya raba maganaɗisun duniya gida biyu, a kwance yake kusan gaba ɗaya, yana fuskantar arewa. A Turai yawancinsa nutsewa yake cikin ƙasa. Waya a tsaye kuwa, kamar zirin wannan kaya, wanda yake a kwance shi ne ke tura ta, gabas ko yamma. Da amfiya 3 a rabin mita, turin duniya ya kai niyutan 0.00005. A koma a dubi lissafin farko: ƙarfin da ake son nunawa 0.00003 ne. Ke nan yadda kayan ya fito daga kwali, turin duniya ya fi na wayoyin ƙarfi. Idan an jera zirin ɗaya gabas ɗaya yamma, aka yi jonin turewa, to juya kawunan batir kaɗai na iya sa su matso maimakon su rabu. Malam ya faɗi gaskiya, kayan aiki ya ƙaryata shi, ɗalibi kuma idonsa zai gaskata.

A amfiya 9 ko 10 da tazarar santimita ɗaya, maganaɗisun ziri a wurin ɗan'uwansa ya kai mikrotesla 200, ya ninka na duniya kamar sau shida, matsalar ta ragu. Don a kawar da ita gaba ɗaya sai a juya gindin yadda ziri ɗaya zai kasance arewa, ɗaya kudu. Turin duniya zai faɗa ta gefen kaifin zirin, inda ba ya lanƙwasuwa. Aikin da ƙaramin kamfas ɗin zai yi ke nan, kuma a duba shi kafin a kunna wuta, a nesa da ginshiƙin. A inda babu kamfas, alƙibla ta isa jagora: daga Jos gabas take, ta ɗan karkata arewa.

Dalilin cewa a nisanta kamfas daga ginshiƙi shi ne wasu daga cikin kayan ginshiƙinsu ƙarfe ne da aka shafa wa fenti. Waya mai ɗauke da wuta tana karkata zuwa ga ƙarfen da ke kusa da ita, don haka zirin da ya fi kusa da ginshiƙi zai riƙa jingina gare shi ko ta ina aka jona. A shiga shago da ɗan maganaɗisu a aljihu, ko na tsohuwar sifika ne. In ya manne wa ginshiƙin, a nemi wani kwalin mai ginshiƙin alminiyum ko roba. In babu, a tabbatar zirin sun yi aƙalla santimita 10 daga jikinsa. Tebur mai saman ƙarfe ma a guje shi.

Sanyin Jos da iskarta suna da nasu rabon. Kayan bai zo da murfi ba, kuma ziri mai nauyin giram 0.2 ba ya jure fanka, balle iskar hunturu da ke shigowa ta tagar da gilashinta ya fashe. A kashe fanka, a rufe tagogi, a yanke fuska ɗaya ta babban kwali a kifa shi a bayan kayan ya tare gefe uku. Kada a rufe gaban da leda ko robar nan mai kama da gilashi a watannin Disamba zuwa Fabrairu. Busasshiyar iska tana sa roba ta tara cajin gogayya, irin wanda ke ƙara ƙas-ƙas idan an cire rigar sanyi da dare, kuma wannan caji zai ja zirin tun ba a kunna komai ba. Ɗalibin da ke sanye da suwaita ma ya ja baya kaɗan. In an ga zirin suna buɗewa da kansu, a taɓa sukurorin da yatsa kafin a jona batir, cajin zai sauka. Wannan dama ce mai kyau ta nuna wa aji cewa abubuwa biyu ne daban: na caji yana nan ko wuta ba ta gudu, na maganaɗisu sai wuta na tafiya.

Ga aji mai ɗalibai sittin, a kunna tocilar wayar hannu a ajiye ta kamar rabin mita a gaban zirin, inuwarsu ta faɗa a farin bango mita biyu ko uku a baya. Motsin milimita biyar zai zama santimita biyu da rabi zuwa uku da rabi a bango. A yi alama da alli a inda inuwar take kafin a danna.

Zirin ajiya biyu da aka bayar ba za su kai ƙarshen zango ba. Wurin da suke mutuwa kullum ɗaya ne, dab da sukuri. Alminiyum yana da wata siririyar fata da iska ke yi masa, wadda ba ta wuce da wuta sosai, don haka wutar takan matse ta 'yan ɗigon wurare, wurin ya yi zafi ya cinye. A goge bakin zirin da samfefa mai laushi, a ninka shi sau uku, a matse shi tsakanin washa biyu masu faɗi. Dalma ba ta kama shi, kada a ɓata lokaci. Idan sun ƙare ba sai an koma shago ba: takardar alminiyum ta naɗe abinci ita ce dai. A sa ta tsakanin takardu biyu, a ɗora rula, a ja reza sau ɗaya. Almakashi yana tattare bakin, kuma ziri mai tattararren baki murɗewa yake yi maimakon ya tafi gaba.

Wajen aunawa, ƙaramar mita ta hannu tana da ramin amfiya 10, amma yawancinsu an rubuta a jiki cewa kada a wuce daƙiƙa goma ko sha biyar, wasu kuma babu fis a wannan ramin. Mita mai baki da ake maƙalawa a waya ta fi sauƙi, sai dai masu araha wutar gida mai kai-da-komo kawai suke karantawa, ba sa ganin ta batir. A tambaya kafin a biya.

Ya dace malam ya haɗa gwajin da tarihinsa, don gajere ne kuma yana kama hankali. A 1820 Hans Christian Oersted na ƙasar Denmak ya bayyana cewa allurar kamfas na juyawa idan wuta ta bi ta wayar da ke kusa da ita. Labari ya isa Faris a watan Satumba na shekarar, kuma cikin 'yan makonni André-Marie Ampère ya nuna cewa ba sai da kamfas ba, waya da waya ma suna ja ko ture juna. Kowace waya tana kewaye kanta da zoben maganaɗisu, ɗayar kuma tana zaune a cikin wannan zobe ɗauke da tata wutar, shi ya sa take jin turi. Daga 1948 har zuwa 20 ga Mayu 2019, da wannan gwaji ake fassara amfiya a duniya: wutar da in ta bi wayoyi biyu masu tazarar mita ɗaya za ta haifar da niyutan 0.0000002 a kowace mita. Yanzu an koma fassara ta da cajin ilektaron. Littattafai da yawa da ke hannun ɗalibanmu tsohuwar fassarar ce a ciki, ya kamata a gaya musu an canza, amma lambar tana nan daram a lissafin aiki.

Kuma kada ɗalibi ya tashi da tunanin cewa wannan ƙarfin wasan yara ne don ya gan shi a kan takardar naɗe abinci. Taransfoma mai kVA 500, irin ta unguwa, tana ba da wajen amfiya 700 a kowane layi in ta cika. Sandunan jan ƙarfe biyu a cikin fanel, tazarar santimita 5, da wannan wuta, turin da ke tsakaninsu kamar niyutan 2 ne a mita, ba abin damuwa ba. Amma ranar da wuta ta haɗe, amfiya 20,000 ta wuce kafin fis ya yanke, lissafin nan dai zai ba da niyutan 1,600 a kowace mita, nauyin buhun siminti uku da ɗoriya, a lokaci guda kamar bugun guduma. Shi ya sa ake ganin sanduna sun lanƙwashe, kujerunsu sun farfashe a fanel ɗin da aka yi wa rowar maɗauri. Ƙugin da taransfoma ke yi ma yana da nasaba da irin wannan fizga, wadda ke zuwa sau 100 a daƙiƙa a wutarmu mai juyi 50. Yaron da zai tafi koyon wayarin ko haɗa fanel bayan sakandare ya fi kowa bukatar ya ga zirin nan sun motsa da idonsa.

Game da shagunan, galibi suna barin mai saye ya buɗe kwali ya ƙirga kaya, amma ba su da batirin da za a gwada a wurin, kuma yaran shago ba su san yawan wutar da yake ci ba, don ba a gaya musu ba. Kuɗinsa yana bin dala, don haka a zagaya shago biyu ko uku. A lissafa da kuɗin ƙwai biyu, fis da gidansa, makunni, waya mita uku, da batir in makaranta ba ta da shi, domin waɗannan tare suna iya kamo kuɗin kwalin kansa. Makarantar da kuɗinta bai kai ba ta kai wa kafinta a Kasuwar Katako awo: gindi santimita 25 a kan 25, ginshiƙin katako santimita 60, hannu biyu masu tsawon santimita 15, da noti huɗu na tagulla da washarsu, a huda na sama da tazarar santimita ɗaya tun daga farko. Na katako ba ya jan ziri, ba ya tara caji, kuma in ya karye kafintan na nan kusa. Wadda ta riga ta sayi na kwali kuma, bayan kowane darasi a kwance zirin a shimfiɗa su cikin babban littafin rajista don kada su tattare, a cire fis a ajiye a aljihun tebur ɗin malam.